Komai Nisan Jifa

A San Pedro, bayan injin matse rake,
tsohuwar safa muka naɗe da zaren buhu, ta zama ƙwallo,
kwalin madara ya zama safar hannu.
Kawu Fermin ya tsaya da adda a kafaɗa, ya ce,
"Eladio, hagun nan taka
ita za ta fitar da uwarka daga gidan haya,
in dai ka iya tattalinta wajen jefawa."

Ina sha bakwai wani mai na'ura ya auna jifana,
ya rubuta lamba, ya miƙo mini alƙalami.
Na hau jirgi da riga biyu da addu'ar tsohuwa.
Ban san sanyi yana da haƙora ba
sai da na kwana a Toledo,
yatsuna suka ƙi lanƙwasawa.

Ba ni ke buɗe wasa ba.
Mai buɗewa shi ke da hoto a jarida.
Ni ina can bayan shinge, gindin bango,
mu bakwai a benci kamar shanun huɗa a turke,
muna tauna iri, muna tofar da ɓawo,
muna yi wa juna ƙarya a kan mata da kamun kifi,
kunne ɗaya kullum yana kan wayar bango,
ko ta yi ƙara, ko ni ake kirawa.

Ba a nemana sai wuta ta kai rufi.
In zo in tarar da mutum uku a tsaye,
bashin da wani ya ci, ni ne mai biya.
Taku sittin tsakanina da mai kulki,
ɗinki ja a ƙarƙashin yatsu biyu,
Osvaldo ya tsuguna yana mini magana da farce.
Wata rana jifa tara, na gama, na sha ruwa.
Wata rana jifa ɗaya,
in ji ƙarar katako, in ƙi waiwayawa.

Na tuna daren Satumba.
Mutum dubu arba'in suka haɗiye murya lokaci guda.
Na tsaya kan tudu ina kallon takalmina.
A otal Yuderka ta kira, shekararta shida,
"Baba, na gan ka a talabijin, hularka ta karkace."
Ita abin da ta gani ke nan.
Washegari wayar bango ta sake ƙara, na miƙe,
don rabin sana'armu hannu ne,
sauran rabin iya mantawa.

An sayar da ni sau biyar.
Sau ɗaya ina tsakiyar aski aka gaya mini,
na isa sabon gari da rabin kai.
A Tacoma gwiwar hannuna ta ce ƙas,
kamar tsirkiya ta tsinke a tsakiyar kiɗa.
Likita ya aro jijiya daga ƙafata ya ɗinka.
Wata goma sha huɗu ina matsa roba a tafin hannu,
ina koyon ɗaga cokali, ina lissafin dawowa.

Na dawo. Na ƙara shekara uku.
Sai wani yaro ya zo, jifansa na kuka a iska,
na gane kallon da koci ya yi mini,
irin wanda ake wa tsohon takalmi mai daɗin sawa.

Yanzu uwata na da gida mai baranda,
fenti shuɗi, ita ta zaɓa.
Hagun ba ta kai wa ƙeya, da dama nake taje kai.
Da yamma yara kan zo da ƙwallon safa,
in gyara musu riƙo, ban cika ba su labari ba.
An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.
Gaskiya ne, na faɗo.
Amma jiya waya ta yi ƙara a shagon maƙwabci,
na tsinci kaina tsaye,
ina juya kafaɗa, ina neman hula,
kofina na kofi a ƙasa yana malalewa.